Jan Gashi Ba Shi Ne Akuya Ba

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke manne da gona, da wuya a sami gidan da babu turken awaki. Idan jar akuya ta haifi baƙin ɗa, nan take sai a ɗora laifin a kan bunsurun maƙwabta. Sau da yawa zargin ba ya da tushe.

Kowane ɗan akuya yana gadon ƙwayar launi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A awaki, ƙwayar ja takan danne wata ƙwayar baƙi, ta ɓoye ta. Saboda haka jar akuya da jan bunsuru suna iya ɗauke da baƙi a ɓoye, kuma idan sun haɗu, kimanin ɗa guda cikin huɗu zai fito baƙi. Wannan ita ce ƙa'idar da Gregor Mendel ya wallafa a 1866 bayan gwajinsa da wani nau'in wake. Da ita ce masu kiwon macijin masara a Amurka suka yaɗa zabiyan maciji, har launukansa suka zama abin ciniki.

To, mai maciji ado yake sayarwa. Launi shi ne hajarsa. Matar da ke kiwon akuya a Kunci kuwa tagwaye take nema, da nono, da taki don gona, da abin kaiwa kasuwa ranar da rashin lafiya ta sauka. Gaskiya ne jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta yi suna, domin fatarta ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can ayarin Sahara ke bi da ita. Amma majemi ya san ingancin fata a hannu yake jin sa, bayan an tuje gashin gaba ɗaya.

Babbar ɓarnar ma ba a launi take ba. Bunsuru mafi girma shi ake fara sayarwa, domin ya fi kuɗi. Da an saki dabbobi bayan kaka, sai ƙananan da suka rage su yi ta barbarar iyayensu da 'yan'uwansu, zuriya ta riƙa tsumburewa. Ya kamata malaman gona, da masana na cibiyar binciken dabbobi ta Shika, su karkata nan: kowace unguwa ta ware bunsurun da uwarsa ke haifar tagwaye tana kuma shayar da su har su rayu, a yi musanyarsa da na wani ƙauye kafin 'ya'yansa mata su isa barbara.