Kakanninmu na kwance a Bama, mu kuma ko oho

Jama'a, duk 15 ga Janairu sai a ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, a ce an tuna da mazan jiya. To waɗanne mazan? Ni dai ina ganin an bar wasu a baya.

A ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, akwai maƙabartar sojoji ta Taukkyan, arewa da birnin Yangon. A 1951 aka fara ta, aka kwaso gawarwaki daga Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw aka haɗa wuri guda. Kabari sama da 6,000 ne a ciki. A tsakiyarta akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda ƙasa ta rufe su ba. Cikinsu har da 'yan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japan a dazukan Kaladan da Arakan a 1944 da 1945. Yaran ƙauyukanmu ne fa, waɗanda ko teku ba su taɓa gani ba kafin a zuba su a jirgi.

Wa ke share wurin yana gyara duwatsun? Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel. Mu masu gawa kuwa, shiru kake ji.

Na san wani zai ce ai yaƙin Bature suka yi, ina ruwanmu. Haba malam! Wani talauci ya kai shi, wani tilas aka yi masa, kuma ko albashinsu bai kai na farar fata ba. Bature ya ci guminsu, mu kuma mu ƙara musu da mantuwa? Abin haushin ma, sunayen da suka fito daga yaƙin suna nan a bakinmu: barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Arakan a Apapa. Tare ɗan sakandare ka tambaye shi daga ina sunan ya fito, ka sha mamaki.

Ba kuɗi nake cewa a kashe ba. Sunayen nan a rubuce suke, da lambar soja da ranar rasuwa. Rundunar soja da Nigerian Legion su karɓo su, su bi tsofaffin takardun ɗaukar soja, su kai wa kowace masarauta nata. A karanta su a masallatai da coci-coci, jikoki su ji, su yi addu'a.

Idan kakanka ya je Bama, rubuto sunansa da garinsu a ƙasa.