Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

'Yan'uwana ɗalibai, yau kusan kowane gida akwai wayar ɗaukar hoto, amma masu faɗa wa mai hoto gaskiya sun yi ƙaranci. Aboki zai nuna maka hoton masunta a kogin Haɗejiya, fuskokinsu baƙi ƙirin, kai kuwa ka ce, "Kai, ya yi kyau!" To, ka cuce shi. Kamata ya yi ka ce, "Ka fuskanci rana ne. Gobe ka ba ta baya, ka kuma matsa kusa."

Kai ma mai hoto, kada ka yi fushi. In dattijo ya ce tsuntsun da ka ɗauko a Baturiya zalɓe ne, ba shamuwa ba, gode masa ka gyara.

Abin ba wasa ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ruwan fadamarmu ya ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Hotunanmu su ne shaidar da 'yan baya za su gani, hoto mai duhu kuwa ba ya ba da shaida. Allah Ya sa mu gane.