Kasawar zuciya: tansiyo, gishiri da mai jego

Kowace 29 ga Satumba ana bikin ranar zuciya ta duniya. A yi jawabi a Yamai, a watse. A unguwanninmu kuwa, wanda ƙafarsa ta kumbura, yake haki daga gida zuwa masallaci, ko ya kasa barci sai a jingine, sau da yawa sammu ake fara zargi. Alhali waɗannan alamun kasawar zuciya ne: ba ta tsaya ba, ƙarfin tura jini ne ya ragu, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu.

Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan majinyata kusan 1000 a ƙasashen Afirka 9 ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ta, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne. Wato magidanta masu ciyar da iyali. Tansiyon da ta kai 14/9 ta zauna a nan tana gajiyar da zuciya shekara da shekaru ba tare da ciwon kai ba.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada gishirin mutum ya wuce giram 5 a yini, ƙasa da ƙaramin cokali guda. Ku lissafa dunƙulen magi a miya, gishiri, yajin tsire, ga kanwa, wadda ita ma sinadarin gishiri ne a cikinta. Rage su, barin taba da tafiya a ƙasa ba sa cin kuɗi.

Masu jego na da nasu haɗarin. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka zargi kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi a Yamai, aka wallafa a 1992, ya gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin matan da abin ya shafa. A ganina ɗora wa al'ada laifin duka ya fi sauƙi a kan duba abin da mai jego ke ci. Mai jegon da haki ya hana ta kwanciya, CSI za a kai ta ranar, kada a jira arba'in.

Gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a 2024, kuma hakan ya taimaka. Sai dai maganin tansiyo na kullum ne, a farmasi ake sayensa, kuma mutane da dama na ajiye shi da zarar sun ji sauƙi ko aljihu ya bushe.