Mitar da ke aika lissafi da kanta: Yaushe za ta isa Kaoje?

A manyan biranen Turai da Amurka aikin ma'aikacin da ke bin gida-gida yana karanta mitar ruwa ko ta wuta na neman zama tarihi, domin kuwa mitar ce da kanta ke aika lissafin abin da aka sha zuwa ofishin kamfani ta hanyar rediyo.

To sai dai a Najeriya, inda har zuwa ƙarshen shekarar 2024 fiye da rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta ba su da mita ko wace iri, muhawarar ta sha bamban. Garuruwan kan iyaka irin su Kaoje, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, su ne suka fi buƙatar wannan fasaha saboda nisansu, kuma su ne ake fargabar za su kasance na ƙarshe wajen samunta.

Yadda abin yake aiki

Tunanin karanta mita daga nesa ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1970 wani injiniya ɗan asalin ƙasar Girka da ke zaune a Amurka, Theodore Paraskevakos, ya ƙirƙiro hanyar aika lissafin mita ta layin tarho. Daga 2001 zuwa 2006 kuma kamfanin Enel na Italiya ya sanya wa gidaje kimanin miliyan 30 mitocin da ake karantawa daga ofis.

Mitar wuta ba ta da wahala sosai, domin a jikin bango ko a kan turke ake maƙala ta, kuma tana samun abincinta daga wutar da take aunawa. Ta ruwa ce mai wuyar sha'ani.

A ƙasashe da dama mitar ruwa a cikin rami take, a bakin titi, an rufe ta da murfin baƙin ƙarfe. Ana haɗa mata wata 'yar na'ura mai batir, wadda ake so ta yi shekara 10 ko fiye ba a canza ba, saboda haka siginar da take aikawa ba ta da ƙarfi. Ƙarfe kuwa yana tare siginar rediyo, haka ma ruwan da ke taruwa a cikin ramin da damina.

Wannan ne ya sa kamfanonin ruwa suka shiga sauya murafen. Wasu na huda na ƙarfen su fito da eriya sama, wasu kuma sun koma ga murfin da aka yi da roba mai tauri da aka cakuɗa da zaren gilashi, wanda sigina ke ratsawa, ba ya tsatsa, bai kai na ƙarfe nauyi ba, kuma ana iya ƙera shi ya ɗauki nauyin mota.

Ɓarayin murfi

A Najeriya irin wannan murfi yana da wani amfani da masu ƙera shi ba su sa a gaba ba: ɗan gwangwan ba ya saye.

A watan Janairun 2025 rundunar 'yan sandan Abuja ta ce ta kama mutane 50 tare da gano murafen kwalbati 25 da aka sace daga titunan birnin. A cikin watan ne kuma hukumomin babban birnin suka haramta sana'ar jari-bola a cikin gari, suka dakatar da kasuwannin panteka na tsawon mako biyu.

Idan har murfin ƙarfe bai tsira a manyan titunan Abuja ba, inda jami'an tsaro ke kai-komo dare da rana, da wuya ya tsira a garin da ke da tafiyar sa'o'i daga Birnin Kebbi. Ramin da aka bari a buɗe kuwa tarko ne ga yara da dabbobi da 'yan acaɓa, balle na'urar da ke cikinsa.

To amma kafin a yi maganar murfi sai an sami abin rufewa. A mafi yawan garuruwan karkarar Kebbi ruwan sha daga rijiya da burtsatse da 'yan garuwa yake zuwa, kuma ko a manyan biranen arewacin Najeriya da ke da famfo, an fi sabawa da biyan kuɗin wata da aka yanke wa gida, ko an sami ruwan ko ba a samu ba.

A ƙetaren iyaka labarin ya ɗan bambanta. A Jamhuriyar Benin, wadda garin Segbana ke maƙwabtaka da Tsamiya a kan hanyar da ta bi ta Kaoje, kamfanin SONEB da mita yake sayar da ruwa. A Yamai kuma, daga shekarar 2016, wani kamfanin Faransa mai suna CityTaps ya gwada mitocin ruwa da ake biya ta wayar salula, masu aika lissafi ta rediyo, tare da haɗin gwiwar kamfanin SEEN da ke kula da ruwan Nijar a lokacin. Gwajin ya nuna cewa ana iya tafiyar da tsarin a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi a yankin Sahel.

Ciniki ba mudu

A ɓangaren wutar lantarki ne matsalar ta fi taɓa aljihun jama'a. Jihar Kebbi, tare da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, na ƙarƙashin kamfanin Kaduna Electric, ɗaya daga cikin kamfanonin rarraba wuta 11 da aka miƙa wa 'yan kasuwa bayan wargaza PHCN, magajin NEPA, akasarinsu a watan Nuwambar 2013.

Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan harkar wuta a ƙasar, NERC, sun nuna cewa a ƙarshen 2024 akwai masu rajista kimanin miliyan 13 da rabi, amma waɗanda ke da mita ba su wuce kimanin miliyan 6 da dubu 300 ba. Sauran ana yi musu lissafi ne na kintace.

A kasuwar hatsi babu mai yarda a zuba masa gero a buhu a ce ya biya ba tare da an auna ba. Amma haka miliyoyin gidaje ke sayen wuta. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, kowa na karɓar takardar bil a ƙarshen wata, ko da an kwashe kwanaki ba a ga ƙyallin wuta ba.

A watan Fabrairun 2020 hukumar NERC ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai iya caza ga wanda ba shi da mita. Shekara 4 bayan haka, a Fabrairun 2024, hukumar ta ce dukkan kamfanonin 11 sun saɓa wa wannan umarni, ta ci su tarar naira biliyan 10 da rabi, wato kashi 10 cikin 100 na abin da ta ce sun ƙara wa jama'a daga Janairu zuwa Satumban 2023.

Su ma kamfanonin suna da nasu kukan. Suna cewa ana jona wuta ta bayan fage, ana zagaye mita, kuma da dama ba sa biya. A Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar daraktocin Kaduna Electric saboda bashin kimanin naira biliyan 110 da ake bin kamfanin a kasuwar wuta.

Ta haka rashin yarda ke haifar da rashin yarda. Wanda aka yi wa kintace yana ganin an cuce shi, sai ya ƙi biya. Kamfanin da bai tara kuɗi ba ba ya gyara taransifoma. Unguwar da ta zauna cikin duhu kuma sai ta ƙara samun hujjar ƙin biya.

Shirye-shiryen da suka gabata

Gwamnatoci sun sha alƙawarin magance matsalar. A 2013 an fito da shirin CAPMI, inda mutum ke sayen mita da kuɗinsa a riƙa biyansa a hankali. A 2018 aka kawo tsarin MAP, wanda ya ba wasu kamfanoni daban lasisin samar da mitoci. A ƙarshen 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin raba mitoci na ƙasa da rancen Babban Bankin Najeriya, inda aka sanya kusan miliyan 1 a zangon farko, sannan shirin ya tsaya cik. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 don farfaɗo da kamfanonin rarraba wuta, wanda wani kaso nasa na sayen mitoci ne. Gwamnatin Bola Tinubu ma ta fito da nata shirin.

Ana cikin haka farashi ya yi ta hawa. A Satumban 2023 NERC ta ɗaga kuɗin ƙaramar mita daga kusan naira dubu 59 zuwa kusan dubu 82. Bayan an sakar wa kasuwa farashin a 2024, ya zarce naira dubu 100, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira dubu 70 ne.

Wani abin lura shi ne wanda ake fara bai wa. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga rukunin A da aka yi wa alƙawarin aƙalla sa'a 20 a rana, zuwa rukunin E mai sa'a 4. Da aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na sa'a guda a Afrilun 2024, sai ya zama a can ribar take. A watan Yunin shekarar NERC ta amince a kashe naira biliyan 21 wajen sayen mitoci, ta kuma ce na 'yan rukunin A ne.

Ta fuskar kasuwanci matakin yana da hujja. Amma ma'anarsa ita ce unguwannin masu hali a Kaduna da Sakkwato da Birnin Kebbi za su riga garuruwan bayan Kogin Kwara.

Abin da nisa ke jawowa

Kaoje na ƙetaren kogin, kuma ta gadar Tuga ake isa can daga sauran sassan jihar. Tura ma'aikaci ya zagaya irin waɗannan garuruwa duk wata yana cin mai da lokaci, ga kuma matsalar tsaro da ta ƙaru a Kebbi da Sakkwato tun bayan da sojoji suka tabbatar da ɓullar 'yan Lakurawa a Nuwambar 2024.

Mitar iya-kuɗinka-iya-shagalinka, wadda ake loda wa lambobi 20, ta rage buƙatar zuwa karatu. Sai dai yawancinta ba ta magana da kamfani, don haka ba a sanin an zagaye ta sai an je an duba. Wadda ke aika saƙo kuwa tana nuna sa'o'in da aka sami wuta, tana sanar da cewa an taɓa ta, kuma idan aka kwatanta lissafinta da na mitar da ke jikin taransifoma ana gane inda wuta ke zurarewa. Hakan kariya ce ga ɓangarorin biyu, domin shi ma mai gida yana da shaidar ranakun da aka bar shi cikin duhu.

To amma ita ma tana da nata rauni, domin akasarinta da layin wayar salula take aiki. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ɗaukacin Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. A garuruwan kan iyaka kuma ba baƙon abu ba ne waya ta saki layin gida ta kama na ƙasar maƙwabta. Ke nan mitar da za ta dace da yankin sai wadda ke iya ajiye lissafi ta ci gaba da aiki idan sabis ya ɗauke.

Haka nan duk wata na'ura da za a binne a ƙasa a kwarin Kwara sai an yi la'akari da ambaliya, irin wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi a daminar 2020.

Ina mafita?

Akwai alamun cewa sabuwar mitar na iya shiga karkara ta wata ƙofar daban. Ƙananan tashoshin wuta masu amfani da hasken rana, waɗanda hukumar samar da wuta a karkara ta REA ke tallafa wa, kusan dukkansu da mitocin da ake lura da su daga nesa suke aiki, domin in ba haka ba mai zuba jari ba zai iya tafiyar da tashar da ke ƙauye daga ofishinsa na birni ba. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don faɗaɗa irin waɗannan ayyuka a Najeriya.

Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wuta a cikin iyakokinsu, kuma jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti sun karɓi wannan iko tun 2024. Jihar da ta ga dama na iya gindaya sharaɗin cewa wani kaso na mitocin da za a sanya ya tafi karkara.

Jihar Kebbi dai ba baƙuwa ba ce a cinikin wuta. Daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, babban layi ke kai wuta Birnin Kebbi, daga nan kuma tun shekarun 1970 ake tura ta Yamai. Wannan wuta ana auna ta, ana rubuta bashinta, kuma an ga muhimmancinta lokacin da Najeriya ta katse ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kafin a mayar da ita a 2024.

Abin da ya rage shi ne a ga ko irin wannan awo da ake yi wa ƙasa da ƙasa zai kai ga mai shago da mai injin niƙa a Kaoje, da kuma ko hukumomi za su sa ido su tabbatar cewa mitar da aka ce kyauta ce ta isa hannun jama'a ba tare da an karɓi ko kwabo ba.