Filin jirgin da babu mai shi

Kamfanonin haƙar ma'adinai da na neman man fetur sukan share ƙananan filayen jiragen sama cikin daji. Ranar da aiki ya ƙare, sai su kwashe kayansu, su bar fili babu mai tsaro. To, wa zai gaje shi?

A watan Nuwamba na 2009 an tsinci ƙonannen jirgi Boeing 727 kusa da Tarkint, cikin jihar Gao ta Mali, bayan ya sauke hodar iblis. Waɗanda suka iya saukar da shi bisa fako, me zai hana su shararren fili?

Wajibi ne gwamnati ta ƙidaya filayen nan. Masu amfani a tsare su domin kwasar marasa lafiya da feshin fara irin ta 2004. Sauran kuwa a maida su ga manoma da makiyaya.