Kafin ka ce wa abokinka "zo mu buɗe kamfani"

1/
Jama'a, zaren yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce kan wanda za ka kafa kamfanin fasaha da shi. Ra'ayina a taƙaice: rashin jari ba shi ne babban abin da ke kashe ƙananan kamfanonin ɗalibai a nan Arewa ba. Kunya ce. Bari in yi bayani.

2/
Kowa ya san yadda abin yake farawa. Ana zaune bayan lakca, wani ya ce yana da dabarar wata manhaja. Nan take a buɗe guruf a WhatsApp, a zaɓi suna, a zana tambari. Kafin magariba mutum huɗu sun raba muƙamai, kowa ya rubuta nasa a shafinsa. Ba a rubuta layin kod ko ɗaya ba, ba a tambayi kwastoma ko ɗaya ba. Da wane ma'auni aka zaɓi mutum huɗun nan? Su ne dai suke wurin lokacin da aka yi maganar.

3/
Na san me za a ce: ai manyan ma a makaranta suka haɗu. Haka ne. Larry Page da Sergey Brin a Stanford suka haɗu a 1995. Shola Akinlade da Ezra Olubi na Paystack a Jami'ar Babcock suka yi karatu, kuma Stripe ta sayi kamfaninsu a 2020 kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

Amma ku duba da kyau. Page da Brin sai da suka yi shekaru suna bincike ɗaya tare kafin a yi wa Google rajista a 1998. Mutanen PiggyVest, wato Odunayo Eweniyi da Somto Ifezue da Joshua Chibueze, sun fito daga Jami'ar Covenant, sun yi PushCV tare kafin su fito da manhajar adashin a 2016. Makaranta ta haɗa su, amma aiki ne ya tantance su.

4/
Abokin hira daban, abokin aiki daban. Akwai wanda za ka ba shi ajiyar miliyan ka tafi ka yi barci, amma in ya ce "gobe in sha Allah zan turo", ka san sai wani satin. Amana yana da ita. Cika alƙawarin lokaci ne babu. Kamfani kuwa yana buƙatar duka biyun, kullum, har da ranar da babu wuta kuma data ta ƙare.

5/
Shi ya sa nake ganin kada ka kira kowa abokin kafa kamfani sai kun yi wani ƙaramin aiki tare mai wa'adi, wanda za a iya jin kunya in ba a gama ba. Ku gina wa wani mai shago shafin intanet. Ku shiga gasar rubuta manhaja ta kwana biyu. Ko aikin rukuni na aji ma ya isa madubi: duk mun san wanda yake yin aikin da wanda sunansa kawai ke fitowa a bango.

Abin da za ka lura da shi ba wayonsa ba ne. Yaya yake in abu ya lalace? Yana kira ya ce "ban gama ba, ga dalili", ko wayarsa ce take mutuwa daidai ranar?

6/
Sannan a daina ɗaukar mutum irinka sak. Masu kod uku a kamfani ɗaya, babu mai iya shiga Kantin Kwari ko Singa ya tsaya gaban Alhaji ya yi masa bayani cikin minti biyu ya karɓo kuɗi. Wozniak ne ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, Jobs ne ya nemo mai saye. In kai mai ginawa ne, nemi mai sayarwa. Sau da yawa ba a sashen kwamfuta yake ba, yana can sashen kasuwanci ko aikin gona, ko ma yana tsaron shagon babansa tun yana firamare.

Kuma don Allah, 'yan uwa maza, in yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a rukuninku ita ke riƙe lissafi da kwastomomi, kaso za a ba ta, ba "mai kula da shafukan sada zumunta" ba.

7/
Yanzu ga inda kunyar take. Maganar kaso.

An taso da mu kan cewa yi wa aboki maganar kuɗi rashin ta ido ne. Sai a ce "haba, tsakaninmu?", a bar maganar sai an fara samu. To ranar da aka fara samu ita ce rana mafi muni da za a yi ta, don a ranar kowa yana tuna wahalar da ya sha, ya manta ta ɗan uwansa.

8/
Snapchat misali ne. Matasa uku da suka haɗu a Stanford, a 2011. Reggie Brown shi aka fi dangantawa da dabarar hoton da ke ɓacewa. Cikin 'yan watanni aka yi saɓani, aka rufe masa ƙofa. Ya kai ƙara a 2013, aka sasanta kan dala miliyan 157.5. Eduardo Saverin na Facebook ma sai da aka je kotu bayan an narkar da kasonsa.

Waɗannan suna da lauyoyi da kamfanin da ya yi ƙarfin biyan diyya. Mu in tamu ta tashi, babu miliyoyin da za a raba. Abin da zai rage shi ne wani ya canza kalmar sirrin sabar, wani ya riƙe asusun banki, iyaye su shigo, a daina gaisawa a masallaci.

9/
Abin da ke ba ni mamaki, rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin babi guda kan musharaka da mudaraba: wa ya kawo dukiya, wa ya kawo aiki, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asara. Mu da muke cewa muna gina fasahar gobe, mu ne muke jin nauyin takarda shafi biyu.

10/
Abu ɗaya da zan so kowa ya ɗauka daga Amurka shi ne tsarin mallakar kaso a hankali. Yadda aka saba: shekara 4, kuma ba ka mallaki komai ba sai ka cika shekarar farko.

A ce an ba Musa kashi 30. In ya tafi a wata na 8, ba ya tafiya da komai. In ya cika wata 12, ya mallaki kashi 7.5. Daga nan kowane wata ana ƙara masa kaɗan, a wata na 24 yana da 15, a na 48 ya cika 30 ɗinsa.

Dokar ta hau kan kowa, har da kai mai dabarar. Nan ne za ka ga fuskar mutane ta canza.

11/
Wani zai ce wannan rashin yarda ne. Ni kuwa ina ganin mu ɗalibai mun fi kowa buƙatarsa, ba don akwai mugu a cikinmu ba. Rayuwarmu ce ba ta zauna ba. Bautar ƙasa za ta jefa ɗaya Ebonyi. Ɗaya zai samu gurbin karatu a Malesiya. Ɗaya za a yi mata aure ta koma wani gari. Ɗaya babansa zai ce ya dawo kasuwa. A 2022 yajin aikin ASUU wata takwas ya watsa kowa gida. Duk uzuri ne na gaskiya. Amma wanda ya zauna yana ta fama shekara uku, ga wani can riƙe da kashi ɗaya bisa huɗu ba ya ko ɗaga waya, wane mai zuba jari ne zai sa kuɗinsa a nan?

12/
Rabon daidai wa daida, hamsin da hamsin, ba laifi ba ne in da gaske aikin daidai yake. Matsalata da shi ita ce yawanci ba lissafi ne ya kai mutane can ba, gudun magana mai nauyi ne. Kuma in kun yi shi, ku rubuta wa ke da maganar ƙarshe a kan me. In ba haka ba, ranar da kuka saɓa, kamfani ya tsaya cak.

Dabara kaɗai kuma ba ta kai rabin kamfani ba. Na faɗa, ku zo ku same ni a ƙasa.

13/
Tambayoyin da ya kamata a yi a zaune, ido da ido: awa nawa za ka iya bayarwa a sati lokacin jarrabawa? Wata nawa za ka iya yi babu albashi, kuma akwai masu jiran ka a gida? In an kawo jari mai ruwa, za mu karɓa? In kamfanin caca ya zo da talla fa? In aka taya kamfanin, sayarwa kake so ko riƙewa? Wanda ya ji haushin tambayoyin nan ya riga ya ba ka amsa.

14/
Ƙaramin bayani kan rajista. A CAC, sunan kasuwanci daban, kamfani mai hannun jari daban. A na farko bashin kasuwanci yana iya bin ku har aljihunku. Irin wannan tsoron ne ya sa Ronald Wayne ya sauka daga kashi 10 na Apple a 1976 ya karɓi dala 800, don a lokacin tarayya ce kawai, kuma shi ne mai kadarar da za a iya kamawa. A rubuta kuma cewa kod ɗin da sunan shafin mallakin kamfani ne, ba na wanda ya buɗe asusun da imel ɗinsa ba.

15/
Ga masu tambaya a ina za a samu mutumin: wurare irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano, ƙungiyoyin masu kod na cikin makaranta, da mutanen da suka riga suka fara sayar da wani abu da kansu. In ba ka samu ba tukuna, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ka fara, ka biya mai zane kuɗin aikinsa, kason ya zauna a hannunka har wanda ya dace ya bayyana.