Wa zai rubuta labarin farin Dakoro?

Jama'a, a shekarun 1930 an yi wani mugun fari a tsakiyar ƙasar Amurka. Ruwa ya ɗauke, iska ta kwashe ƙasar gonaki, ƙura ta rufe rana. Manoman jihar Oklahoma, waɗanda bashin banki ya riga ya shaƙe, suka ɗaure kaya a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman aikin ƙodago. Yau kusan duk waɗanda suka yi wannan ƙaura sun riga mu gidan gaskiya, amma labarinsu yana nan daram, domin wani marubuci mai suna John Steinbeck ya tsare shi a cikin littafi.

An haifi Steinbeck a garin Salinas a 1902. Ya shiga jami'a amma ya bar ta ba tare da takardar shaida ba, ya yi ta aikin ƙarfi tare da leburori. A 1936 ya bi sansanonin ƴan gudun hijirar, ya zauna da su, ya ga abin da suke ci da inda suke kwana. A 1939 ya fitar da The Grapes of Wrath, labarin iyali guda da tafiyarsu. Masu manyan gonaki suka fusata, har aka hana littafin a wata gunduma ta Kalifoniya, aka ƙona shi a bainar jama'a. Duk da haka ƙasa ta karanta, ta san halin da talakawanta ke ciki. A 1962 aka ba shi kyautar Nobel.

Kada wani ya ce wannan aiki sai mai dogon karatu. Richard Wright, baƙar fata da aka haifa a Misisipi a 1908, shekaru kaɗan ya yi a lakkwal. A garin Memphis, da yake an hana baƙi aron littafi, da katin wani Bature abokin aikinsa ya riƙa arowa. A 1945 ya fitar da Black Boy, inda ya faɗi yunwar da ya sha yana yaro.

To, mu fa? Ƙasar Dakoro, inda gonar manomi ke iyaka da makiyayar Bafulatani da Buzu, ta ga farin 1973, ta ga na 1984 wanda jama'a suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda a shekarar ce Najeriya ta rufe iyakokinta. Shanu sun faɗi a kwarin Tarka, rumbuna sun ƙare a Kornaka da Birnin Lalle, magidanta sun gangara Maraɗi da Katsina da Kano, wasu ba su sake dawowa ba. Rahotannin ma'aikata da na ƙungiyoyin agaji sun ƙidaya buhunan hatsi da kawunan dabbobi, da Faransanci. Amma rahoto ba ya faɗin abin da uwa ta ce wa ɗanta a daren da babu tuwo, ko abin da makiyayi ya ji ranar da ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe. Wannan ilmi yana bakin tsofaffi, kuma wanda ya yi wayo a 1973 yau ya ba sittin baya. Kowace shekara muna binne masu shaida.

Wasu za su ce tuna baya tonon miki ne. Amsarmu ita ce fari baƙo ne mai komowa. Yaron da ya karanta yadda kakansa ya tsira, da irin ganyen da aka ci, da kuskuren da aka yi wajen rabon taimako, ya fi shirin tarbar gobe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hanya kuwa sananniya ce. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A nan gida, Abdoulaye Mamani ya rayar da sunan Sarauniyar Lugu da littafinsa na 1980, sai dai da Faransanci ya rubuta, mutanen ƙauye kuwa ba su ji shi da bakinsu ba. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuma yana bukatar littattafai.

Saboda haka muna kira ga mahukunta, daga Yamai har Maraɗi, da su shirya gasar rubuta labarai cikin harsunan ƙasa, su buga waɗanda suka yi fice, su kai su cibiyoyin karatun manya. Ku kuma da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kada alƙalaminku ya tsaya ga sa hannu da lissafin ƙungiyar manoma. Ku sayi littafin rubutu, ku zauna gaban dattijan garinku bayan sallar isha'i, ku rubuta abin da suka faɗa, da sunan gari da shekara. Shafi guda a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya kiyashe mu da fari, ya ba mu damana mai albarka. Amin.